Daga Gadar Ngeli Zuwa Zauren Gassi: Wa Ake Tambaya Idan Ƙasa Za Ta Fice?

Kafin hantsi ya dubi ludayi, gadar Ngeli ta riga ta ɗinke. Manyan motocin da suka kwaso kaya tun daga tashar jiragen ruwa ta Duwala suna jere, direbobinsu sun shimfiɗa tabarmi a inuwar tirela suna jiran takardun kwastan. 'Yan babur, waɗanda a nan ake kira kilando, suna kutsawa tsakanin motocin ɗauke da buhunan fulawa da katan-katan na sabulu. Mata na tafe a ƙasa, kwanduna a ka. Ruwan da ke ƙasan gadar kogin Logon ne, ƙetarensa Kusiri ce ta ƙasar Kamaru, wannan gaɓar kuwa Njamena. Mai son sanin abin da ake nufi da ƙungiyar ƙasashe ba sai ya buɗe kundin yarjejeniya ba, ya zo nan ya tsaya rabin awa.

Ya dubi hannun ɗan canji kawai. Kuɗi iri uku ne a ɗaure da roba: ga naira, ga sefar Afirka ta Tsakiya wadda bankin BEAC ke fitarwa, ga kuma sefar Afirka ta Yamma ta bankin BCEAO. Sefofin biyu darajarsu ɗaya a takarda, kowacce an ɗaure ta da kuɗin yuro a kan 655.957. Duk da haka jikar da mutum ya ɗauko daga Damagaram ba ta saya masa shayi a Njamena sai an canza ta, kuma mai canji sai ya cire nasa. Bamaraɗe na lissafi da dala, Balaraben Chadi na lissafi da riyal, dukansu sefa biyar suke nufi, amma takardar da ke aljihun ɗaya baƙuwa ce a kasuwar ɗayan.

Hausawan wannan birni sun fi kowa sanin wannan. Da yawansu jikokin maniyyata ne da suka biyo hanyar Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare ko kasuwa ta buɗe, suka yada zango tun garin yana amsa sunan Fort-Lamy, sunan da bai rabu da shi ba sai a 1973. A yau gida ɗaya zai iya samun kawu a Kano, gwaggo a Zinder, ɗan'uwa mai shago a Kusiri. Ƙasashe huɗu ne ke kewaye da tafki ɗaya, kuma shugabanninsu, Tombalbaye da Ahidjo da Diori Hamani da Abubakar Tafawa Ɓalewa, a nan garin suka kafa Hukumar Tafkin Chadi ranar 22 ga Mayu 1964. Yanzu ƙasashen huɗu suna cikin ƙungiyoyi uku: Najeriya a ECOWAS, Nijar a ƙawancen AES tare da Mali da Burkina Faso, Chadi da Kamaru a CEMAC. Shi ya sa zancen ko Chadi za ta bi sahun Yamai da Bamako da Wagadugu, ko za ta rabu da sefa, ba ya tsufa a majalisun shayi na birnin nan. Ana yin sa da zafi, masu so da masu tsoro. Tambayar da na kasa jin an yi ita ce: idan ranar ta zo, wa za a tambaya?

Shekarar da Landan ta cika rediyo

Masu sauraron sashen Hausa na BBC da RFI da DW ba za su manta da farkon 2019 ba. Kusan kullum labarin farko daga Landan yake, kuma kusan kullum labari ɗaya ne: majalisa ta sake watsa wa Firaminista Theresa May ƙasa a ido. Tun ranar 23 ga Yuni 2016 'yan Birtaniya suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai, kashi 51.9 cikin ɗari suka ce a fita, kashi 48.1 suka ce a zauna. Gwamnati ta so ta miƙa takardar sallama da kanta, wata 'yar kasuwa mai suna Gina Miller ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke a Janairu 2017 cewa sai da yardar majalisa. Majalisa ta yarda a soma shirin. Da aka kawo sharuɗɗan rabuwar kuwa sai ta tubure. Ranar 15 ga Janairu 2019 ta yi watsi da yarjejeniyar May da ƙuri'a 432, masu goyon baya 202, kayen da babu gwamnatin Birtaniya ta zamani da ta taɓa shan irinsa. Ranar 12 ga Maris aka sake, 391 da 242. Ranar 29 ga Maris, ranar da tun farko aka sa za a fita, aka yi ta uku, 344 da 286.

Jama'a ba su zauna a gida ba. Dubban ɗaruruwa sun yi maci a Landan ranar 23 ga Maris suna neman a sake ƙuri'ar raba gardama, mutum sama da miliyan shida suka sa hannu a takardar koke ta intanet cewa a fasa fitar baki ɗaya. Masu son fita su ma suka yi dafifi a gaban majalisa suna kiran wakilansu maciya amana. Iyalai sun ɓata, an yi wa 'yan majalisa barazanar kisa, kuma babu wanda ya manta cewa an kashe 'yar majalisa Jo Cox mako guda kafin ƙuri'ar 2016. May ta sauka. Boris Johnson ya hau, ya rufe majalisa, kotu ta ce rufewar haramtacciya ce. Sai da aka koma ga masu zaɓe a Disamba 2019 kafin dokar ta wuce, Birtaniya ta fita ranar 31 ga Janairu 2020.

Na tuna yadda muke jin wannan a lokacin. Yawancinmu dariya muke yi, muna cewa Turawan da suka raba mana iyakoki da rula ga shi sun kasa raba tasu. Ni ma na yi dariyar. Daga baya ne na lura da abin da ya riƙe su shekara uku da rabi. Iyaka ce, wadda ke tsakanin Ireland ta Arewa da Jamhuriyar Ireland, inda manomi ke da gona a ɓangare ɗaya da gida a ɗayan, kamar mutanen Jibiya da Ɗan Isa. 'Yan majalisa sun tashi a zaure sun faɗi abin da zai sami motar madara da mai kai yara makaranta. An tilasta wa gwamnati ta fito da takardun da ta ɓoye kan ƙarancin magani da abinci da za a iya fuskanta. Rigimar ba ta yi kyan gani ba, kuma har yau 'yan Birtaniya na gardama kan ko fitar ta amfane su. Sai dai babu wanda zai ce an fitar da shi bai ji farashin ba.

Sanarwar dare

A Njamena labarin fita da sanarwa yake zuwa. Ranar 28 ga Nuwamba 2024, ranar tunawa da ayyana jamhuriya a 1958, ministan harkokin wajen Faransa Jean-Noël Barrot ya gana da Shugaba Mahamat Idriss Déby ya kama hanya. Sa'o'i kaɗan bayan tashinsa, da dare, takwaransa na Chadi Abderaman Koulamallah ya fitar da takarda cewa ƙasar ta soke yarjejeniyar tsaro da Faransa, wadda aka sabunta a Satumba 2019. Sojojin Faransa kusan dubu ɗaya ne a ƙasar. Suka miƙa sansanin Faya-Largeau a Disamba, na Abeche a Janairu, sannan na Adji Kosseï da ke jikin filin jirgin saman Njamena a ƙarshen Janairu 2025. Déby ya ce yarjejeniyar ta tsufa, kuma Chadi ba ta neman musanya wani ubangida da wani.

Wannan ba ficewa daga ƙungiyar tattalin arziki ba ce, amma ta nuna yadda ake yanke irin wannan hukunci a nan da yadda ake auna ra'ayin jama'a a kai. Ranar Juma'a 6 ga Disamba ɗaruruwan mutane suka taru a filin wasa, taron da hukuma ta amince da shi, suna ɗaga tuta suna cewa da Larabcin Chadi: Chadi hurra, Faransa barra, wato Chadi ta 'yantu, Faransa waje. Murnar ta gaskiya ce. Mutanen da suka girma suna jin rugugin jiragen yaƙin Faransa a kan rufin gidajensu, suka kuma ga yadda Faris ta tsaya wa kowane mai mulkin da ta ga dama, suna da dalilin yin ta, kuma zuciyata tana tare da su. Abin da ya tsaya mini shi ne, kalmomin nan guda su ne aka rera a titunan birnin ranar 14 ga Mayu 2022, a zanga-zangar da gamayyar 'yan adawa ta Wakit Tama ta kira, inda aka farfasa gidajen man Total, aka kuma kama jagororin aka gurfanar da su. Ra'ayin jama'a bai sauya ba tsakanin ranakun biyu. Ra'ayin fada ne ya sauya. Kuma duk wanda ya ga 20 ga Oktoba 2022, ranar da aka murƙushe zanga-zanga, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ƙirga gawa 128 daga baya, ya san cewa mai ra'ayin da ya saɓa wa na fada ba zai fito titi da sauƙi ba.

A daren da aka soke yarjejeniyar, Chadi ba ta da zaɓaɓɓiyar majalisa. Zaɓen 'yan majalisa na ƙarshe a Fabrairu 2011 aka yi shi. Da Idriss Déby ya rasu a Afrilu 2021 sojoji suka rushe majalisar, aka naɗa ta riƙon ƙwarya. Haka abin yake a Disamba 2023, lokacin da Chadi da Muritaniya suka sanar cewa ƙungiyar G5 Sahel ta zo ƙarshe bayan Mali da Burkina Faso da Nijar sun bar ta. Haka kuma a Nuwamba 2024, da Mahamat Déby ya yi barazanar janye sojojinsa daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi bayan harin Barkaram da ya ci sojoji kusan arba'in. Rundunar a Njamena hedikwatarta take, kuma masunta da makiyaya da fataken Baga da Bol ne za su fara jin janyewar a jikinsu.

An taɓa fita

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne Chadi ta taɓa ficewa daga ƙungiyar tattalin arziki, kuma a wannan garin aka ƙulla abin. A Disamba 1964 ƙasashe biyar, Kamaru da Gabon da Kongo-Brazabil da Afirka ta Tsakiya da Chadi, suka sa hannu a Brazabil kan ƙungiyar kwastan ta UDEAC, ta soma aiki a farkon 1966. Ba a jima ba ƙorafi ya taso daga ƙasashen biyu da ba su da teku. Masana'antu suna tafiya Duwala da Pointe-Noire, kaya na shigowa ta tashoshin gaɓa, su kuma na tudu sun zama kasuwa kawai, kuɗin da ake ba su daga asusun tallafi ba ya rufe asarar. Ƙorafin yana da tushe. Mobutu ya ga ƙofa, ya miƙo hannu daga Kinshasa. A Afrilu 1968 Tombalbaye da Bokassa na Afirka ta Tsakiya da Mobutu suka kafa sabuwar ƙungiya, UEAC, a Fort-Lamy, Chadi da Afirka ta Tsakiya suka bar UDEAC.

Shekarar ba ta ƙare ba Bokassa ya juya ya koma inda ya fito. Dubi taswira ka ga abin da wannan ke nufi: Afirka ta Tsakiya ce ke tsakanin Chadi da Kongon Mobutu. Da ta fita, sai aka bar ƙungiyar kwastan ta ƙasashe biyu da ba su haɗa iyaka ba. Audugar Chadi da shanunta ba su sauya hanya ba, sukari da siminti ba su daina biyowa ta Kamaru da Najeriya ba, sefa ma ba a rabu da ita ba. Chadi ta zauna a waje shekara goma sha shida, sai a 1984, zamanin Hissène Habré, ta koma. Tun 1962 Tombalbaye ya haramta jam'iyyun adawa, majalisar da ke akwai ta 'yan jam'iyyarsa ta PPT ce zalla. Da akwai zauren da ɗan adawa zai iya miƙewa, tambaya ɗaya ta isa: idan Bangi ta fasa, ta ina kayanmu za su bi?

Irin wannan ya sake faruwa ta fuskar shiga. Ranar 6 ga Janairu 1981 aka sanar daga Tarabulus cewa shugaban Chadi na lokacin, Goukouni Oueddei, da Gaddafi sun amince a haɗe Chadi da Libiya. Abokan mulkin Goukouni da kansu suka yi tir, Najeriyar Shehu Shagari ta tayar da jijiyar wuya, zancen ya mutu, sojojin Libiya suka janye a Nuwamba na shekarar. Daga baya kuma, ranar 16 ga Maris 1994, wata biyu bayan an karya darajar sefa da rabi, a Njamena aka sa hannu kan yarjejeniyar CEMAC da ta gaji UDEAC. Kotun ƙungiyar a nan take zaune. A nan ne kuma, a taron ƙarshen Oktoba 2017, shugabanni suka tabbatar cewa ɗan kowace ƙasa cikin shidan zai shiga sauran ba biza. Birnin nan ya ga fita, ya ga komawa, ya ga shiga, duk daga sama.

Abin da ya faru a yamma da tafki

Hausawan Chadi ba daga littafi suke karanta darasin Nijar ba, ta wayar 'yan'uwa suke jin sa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta zauna a Abuja ranar 30 ga wata, ta rufe iyakoki, ta ba sojoji mako guda su mayar da Shugaba Mohamed Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta yanke wutar da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta. Mahamat Déby, wanda ƙasarsa ba ta cikin ƙungiyar, ya je Abuja ya wuce Yamai, kuma hoton farko na Bazoum a tsare da duniya ta gani tare da shi aka ɗauka. Kwanaki kaɗan bayan nan Njamena ta ce sojanta ba zai shiga yaƙin ba.

A wannan makon ne aka ga abin da majalisa ke iya yi a yankinmu. Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Dattawa wasiƙa yana sanar da ita matakan da ECOWAS ta tsara, har da na soja. Sanatocin Arewa suka fito suka ce ba su yarda ba, suka lissafa jihohi bakwai da ke jingine da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Ranar Asabar 5 ga Agusta, ana gobe wa'adin zai cika, majalisar ta fito daga zaman sirri, shugabanta Godswill Akpabio ya karanta matsayarta cewa a bi hanyar siyasa da sulhu. A Kano an yi zanga-zangar ƙin yaƙi, limamai sun yi huɗuba, Muhammadu Sanusi na biyu ya isa Yamai, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta bi baya. Ba majalisa kaɗai ta hana yaƙin ba, amma ita ce ta juya kukan kasuwannin Illela da Maigatari da Kamba ya zama matsaya a rubuce wadda fadar shugaban ƙasa ba ta iya tsallakewa. Majalisar da 'yan Najeriya suka saba zagi kan alawus da motoci, a ranar ta yi aikin da aka zaɓe ta dominsa, kuma na ji mutanen da ba su taɓa yabon sanata ba sun sa mata albarka. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, abin da Arewa ke faɗa ke nan, aka samu zauren da ya maimaita.

A ɗaya gefen iyakar babu irin wannan zaure, domin juyin mulkin ya rushe majalisa. Ranar Lahadi 28 ga Janairu 2024 aka karanta sanarwa a talabijin a Yamai da Bamako da Wagadugu cewa ƙasashen uku sun fice daga ECOWAS, wadda masu Faransanci ke kira CEDEAO, ba tare da ɓata lokaci ba. Sashe na 91 na yarjejeniyar ƙungiyar ya tanadi sanarwar shekara guda, don haka fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. A tsakani ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, Najeriya ta buɗe iyakarta a Maris, aka yi ta aika manzanni, amma bakin alƙalami ya bushe. Ranar 6 ga Yuli 2024 shugabannin uku suka ayyana tarayyarsu a Yamai. Ana gobe ranar fita, dubban mutane suka cika titunan birnin suna murna.

Ba na shakkar murnar nan, kuma wanda ya ce duk hayarsu aka yi bai san abin da takunkumin ya yi wa mutane ba. Asibitoci sun zauna cikin duhu, magani ya yi wuya, shinkafa ta yi tashin gwauron zabo, motocin albasa sun ruɓe a bakin iyaka. Ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975 don a sauƙaƙa wa talaka zirga-zirga ita ce ta rufe masa hanya, ta kuma yi masa barazanar yaƙi. Da an kafa akwati a wancan lokacin, ina kyautata zaton masu son fita ne za su yi rinjaye. To amma ba a kafa ba, kuma taro ba ƙidaya ba ne. Taro yana nuna waɗanda suka zo. Ba ya nuna ɗan Nijar mai gadi a Legas, ko mai sayar da goro a Kumasi, ko mai shayi a Abijan, waɗanda zamansu a can ya rataya ga yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979. Ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, ta bar kayansu su wuce kamar da, har sai an ji wata sanarwa. Ma'ana, abin da jiya haƙƙi ne, yau alfarma ce. A Maris 2025 AES ta sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigowa daga wajenta. Iyakar Gaya da Malanville ta daɗe a rufe daga ɓangaren Nijar, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso cikin rakiyar soja. Sefa kuwa, wadda ta fi komai shan suka a dandalin taro, har yanzu ita ce a aljihu, domin ƙasashen uku ba su bar ƙungiyar kuɗi ta UEMOA ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abu ne da wakilin Maraɗi ko na Ƙonni zai tambaya tun kafin a sa hannu, da yana da kujera.

Zauren da ke Gassi

Yanzu Chadi tana da majalisa. An yi zaɓe ranar 29 ga Disamba 2024, jam'iyyar jagoran adawa Succès Masra ta ƙaurace, MPS mai mulki ta kwashe kujeru 124 cikin 188. An kafa majalisar dattawa a farkon 2025. Masra kansa an kama shi a Mayu 2025, aka yanke masa shekara ashirin a Agusta. A Oktoba majalisun biyu suka gyara tsarin mulki da gagarumin rinjaye, wa'adin shugaban ƙasa ya koma shekara bakwai ba tare da iyakar tazarce ba. Wanda ya ga wannan ya ce ba ya sa ran jin gardama daga ginin majalisar da ke Gassi, ba zan ce ya yi kuskure ba. Duk da haka zauren yana nan, mutanen da ke cikinsa suna da mazaɓu da dangi da kasuwannin da suke komawa, kuma tsarin mulki ya ba su hurumin duba yarjejeniyoyin da suka shafi kuɗi da ciniki. Sanatocin Abuja ma ba a san su da tsaya wa fada ba kafin ranar 5 ga Agusta.

Tambayoyin da ke jiran su ba na malaman jami'a ba ne. Ɗanyen man Doba ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 yake bi zuwa Kribi tun 2003, kuma mafi yawan tsawon nan a cikin Kamaru yake. Mafi yawan kayan da ke shigowa ƙasar ta Duwala suke sauka, su yi tafiyar kusan kilomita 1,800 kafin su iso Ngeli. Shanun Chadi a Najeriya suke samun ciniki, ta Gamboru da Maiduguri har Legas. Nijar, wadda ita kaɗai ce cikin ƙasashen AES ta haɗa iyaka da Chadi, ba ta da teku, kuma hanyar da ta haɗa su ta Ngigmi da arewacin tafki rairayi ce da fargaba. Ƙorafin 1968 kuma bai mutu ba: har yau direba na ƙirga shingaye tsakanin Ngaundere da Kusiri, har yau masana'antu na gaɓar teku, kuma a Afrilu 2023 Njamena ta janye jakadanta daga Yawunde kan rikicin hannun jarin bututun mai. Idriss Déby da kansa, a Agusta 2015, ya fito fili ya ce sharuɗɗan sefa suna daƙile Afirka, lokaci ya yi da za ta mallaki kuɗinta. Mai son fita yana da hujja, mai son zama yana da tasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma masu ɗakin nan su ne 'yan tireda na Kasuwar Gero da ta Dembe, da dillalan shanu, da direbobin da ke kwana ƙarƙashin tirela. Abin da nake so shi ne a ji su a wurin da ake rubuta abin da aka faɗa, a ƙirga hannuwa, kowa ya san yadda wakilinsa ya kaɗa, kafin a kira mu filin wasa.

Da la'asar gadar Ngeli takan sake cika, wannan karon da masu komawa. Ɗaliban Chadi da ke karatu a Kusiri, matan da suka sayo atamfa, dattijon da ya je ganin likita, kowa na sauri ya haye kafin a rufe. Ɗan canji yana haɗa kuɗinsa kashi uku, yana ɗaure kowanne da robarsa. Direban da takardunsa ba su fito ba ya sake hura gawayi ya ɗora buta, ya jawo ƙaramar rediyonsa yana neman tashar da za ta ba shi labaran ƙarfe shida.